Wa ya turo ka? Amsa ga ɗana da ke karatu a Masar

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na bar shi ya kwana biyu don ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce kun je Baitul Umma, gidan Sa'ad Zaglul, jagoran neman 'yancin Masar, a Alƙahira, ka ji yadda Misirawa suka yi shekara kusan 38 suna aika wakilai wurin Turawan Ingila kafin sojansu ya bar ƙasar. Sai ka haɗa da tamu al'adar, ka ce neman aure wakili, sulhu wakili, rabon gona wakili, alhali mai magana da bakinsa, ina amfanin wannan in ba ɓata lokaci ba?

To, amsarka tana cikin labarin da aka ba ka.

Ran 13 ga Nuwamba 1918, kwana biyu da tsayawar Yaƙin Duniya na Ɗaya, mutum uku suka shiga wurin Winget, babban jami'in Ingila a Masar: Zaglul, Ali Sha'arawi da Abdul'aziz Fahmi. Sojan Ingila na ƙasar tun 1882 da suka karya Ahmad Urabi, jagoran sojan Masar, a Tal el-Kabir, kuma a lokacin yaƙin an kwashi manoma aikin dole, an karɓe dabbobinsu da hatsinsu. Mutanen uku suka nemi a bar su su je Landan su yi maganar 'yancin ƙasarsu. Abin da Turawa suka fake da shi shi ne, ku su wa, da yawun wa kuke magana?

Wannan tambaya ni ma an yi mini ita. Na taɓa zuwa sulhun iyakar gona a madadin wani ɗan'uwanmu. Ko ruwa ba a kawo ba dattijon gidan ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya turo ka, kuma abin da ka amsa zai amsa?" Sai da na ce zai amsa, sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma. Ba raini ba ne. Ba ya so ya sauko daga matsayinsa gobe a ce masa wanda ya zo bakinsa kawai ya ari.

Misirawa sun amsa tambayar da takarda. Aka buga takardun wakilci, suna ce musu taukilat, saiwarsu ɗaya da kalmarmu ta wakili. Suka zaga birni da ƙauye, mai rubutu ya sa hannu, mai hatimi ya buga, cewa mun wakilta Zaglul da tawagarsa. Sunan jam'iyyar Zaglul ma da ka ji, Wafd, ma'anarsa tawaga. Da Turawa suka kama Zaglul ran 8 ga Maris 1919 suka kai shi Malta, sai masu sa hannun suka nuna ba tawada kawai suka bayar ba. Ɗalibai suka fito, ma'aikata suka ajiye aiki, manoma suka tuttuge layin dogo, mata suka yi jerin gwano, limamin Kibɗawa, Kiristocin Masar, ya yi huɗuba a cikin Azhar ɗin da kake karatu. Ɗaruruwa suka rasa rayukansu. Wata guda aka yi aka sake shi.

Ga wurin da ya fi burge ni, kuma nan ne zuciyar al'adar. A Disamba 1919 Ingila ta aiko ministanta Milna da kwamitinsa don su zagaye Zaglul su nemo wasu da za su yi magana da su. Wata uku suka yi a Masar jama'a na ƙaurace musu, ana nuna musu cewa mai maganarmu yana Faris, ku same shi can. Dole a 1920 Milna ya zauna da Zaglul a Landan. Ka ga, idan ka naɗa wakili, ba ka bin bayansa ka yi wata maganar. Ranar da mai yarinya ya gane ana iya samunka ta ƙofar baya, wakilinka ya zama ɗan rakiya.

Akwai kuma wakilin da ɗaya ɓangaren ya fi so. A 1921 aka tura firayim minista Adli Yakan Landan, Zaglul ya ce ai Joji na Biyar ne ke ciniki da Joji na Biyar, wato sarkin Ingila ke magana da kansa. Ni ina ganin ya tsananta wa Adli, don mutumin ya ƙi sa hannu ya dawo ya ajiye muƙaminsa. Amma maganar ta zauna. Da Turawa suka rasa mai sa musu hannu, sai ran 28 ga Fabrairu 1922 suka shelanta 'yancin Masar su kaɗai, suka riƙe abu huɗu: hanyoyin daularsu, tsaron Masar, kare baƙi da marasa rinjaye, da Sudan. An ba da suna, soja yana nan.

Daga nan ina tare da kai a wani ɓangare, domin mai ƙarfi yakan yi amfani da zama don ya ja lokaci. A 1936 firayim minista Mustafa Nahhas, magajin Zaglul a Wafd, ya karɓi yarjejeniyar da ta bar soja 10,000 a yankin mashigin Suwes na shekara 20. Ban zarge shi ba, Italiya na Libiya ga ta kuma a Habasha. Amma ran 4 ga Fabrairu 1942 tankokin Ingila suka kewaye fadar Abidin aka tilasta wa Sarki Faruk wanda zai naɗa firayim minista, kowa ya ga iyakar takardar. Nahhas da kansa ya soke ta a Oktoba 1951. Aka shiga yaƙin sunƙuru, aka kashe 'yan sandan Masar kusan 50 a Isma'iliyya ran 25 ga Janairu 1952. Zama a wurin sai da ya yi wa Ingila tsada kafin zaman tebur ya yi amfani.

Wani abu kuma da nake so ka lura. Sau da dama maganar takan watse a kan Sudan, kamar ta firayim minista Sidki da Bebin, ministan harkokin wajen Ingila, a 1946, kuma babu ɗan Sudan a teburin. Mutum biyu na jayayya a kan wanda bai wakilta kowa ba. Sai a 1953 da aka yarda Sudan ta zaɓa wa kanta, hanya ta buɗe. Shi ya sa a gidanmu ba na karɓar waliccin yarinyar da ban sa an tambaye ta ba.

Ran 19 ga Oktoba 1954 Jamal Abdun Nasir ya sa hannu a kan cewa sojan zai fita cikin wata 20. Na ƙarshe ya bar Fot Sa'id a Yuni 1956, ran 18 ga watan aka ɗaga tutar Masar, shekara 74 bayan shigowarsu. Ba a yi wata biyar ba suka komo da yaƙi tare da Faransa da Isra'ila, amma kafin Disamba ya ƙare sun fice.

In Allah ya kawo ka hutu, za mu je neman auren yayanka. Ka zauna bayana, kada ka ce uffan, ka saurari abin da za su fara tambayata. Mahaifiyarka na gaishe ka, Allah ya ba da sa'ar karatu.