Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Rediyon Motata Ke Tsuwwa Idan Na Haɗa Waya Ina Caji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata tsohuwar yayi ce, rediyonta na kamfani ne, yana da CD da wani ɗan rami da aka rubuta AUX, amma babu Bluetooth. Ina da 'yar na'urar MP3 da wayar hannu da nake so in riƙa saurare da su a kan hanya. Na sayi na'urar nan da ake cusawa a ramin caja tana tura sauti ta FM, amma kullum da shuuu a ƙarƙashin sautin, wani lokaci ma wata tasha ta shigo ta danne shi. Da na gwada igiyar AUX sauti ya fita tas, sai dai da zarar na sa wayar a caji sai wata tsuwwa ta taso, tana ƙaruwa idan na taka totur. Haka kuma na'urar FM ɗin ta ƙi karanta filash ɗina. Shin rediyon ne ya lalace, in canza shi gaba ɗaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa rediyon tukuna. Bayaninka da kansa ya wanke shi, domin rediyon da ya ba ka sauti tas ta AUX lafiyarsa ƙalau. Matsaloli uku ne daban-daban a hannunka, kowace da sanadinta, kuma ramin AUX ɗin nan shi ne hanya mafi tsafta da motarka ke da ita. A kansa ya kamata ka tsaya.

Mu fara da tsuwwar, don ita ce ta fi damun mutane, kuma ita ce ake yawan kashe kuɗi a banza a kanta.

Altaneta, wato janaretan da ke cajin batir idan injin yana aiki, wuta mai kai-kawo yake samarwa, sai wasu diyod da ke cikinsa su daidaita ta kafin ta isa batir. Daidaitawar ba ta cika ɗari bisa ɗari, akwai ɗan kaɗawa da ke saura a cikin wutar, kuma saurin kaɗawar yana bin saurin juyawar injin. Shi ya sa tsuwwar ke hawa idan ka taka totur, ta sauka idan ka ɗaga ƙafa. A ka'ida rediyo yana tace wannan, ba ka jin komai. Amma idan ka haɗa caja da igiyar AUX a lokaci guda, wayarka ta haɗu da jikin motar ta hanyoyi biyu ke nan: ta negetif ɗin caja, da ta negetif ɗin igiyar sauti. Ramin caja da rediyo ba a wuri ɗaya aka ɗaure negetif ɗinsu a ƙarfen mota ba, saboda haka akwai ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin wuraren biyu. Wannan bambancin sai ya sami hanyar bi ta cikin igiyar AUX, rediyo kuma ba ya iya bambance shi da waƙa, sai ya ƙara masa ƙarfi ya tura sifika.

Kafin ka sayi komai, yi wannan gwajin mota na tsaye. Tayar da injin, haɗa AUX da caja, tsayar da waƙar, ka kai muryar rediyo tsakiya. Idan tsuwwar ta fito, zare cajar kawai. Ta ɗauke nan take? To abin da muka bayyana ne. Sai ka kashe injin, ka bar makulli a inda rediyo ke aiki, ka mayar da cajar. Idan har yanzu akwai ƙara, wadda ba ta hawa ba ta sauka, cajar ce da kanta ke fitar da ita. Caja maras inganci ba ta da matatar kirki, sauya ta. Idan kuwa tsuwwar tana nan ko da ka zare komai ka kunna CD, magana ta koma kan motar: negetif ɗin rediyo ya yi sako-sako, ko kan batir ya yi tsatsa, ko diyod ɗaya a altaneta ya mutu. Mai gyaran wutar mota zai auna. Batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 idan injin a kashe yake, da 13.8 zuwa 14.4 idan yana aiki. Idan aka juya ma'aunin zuwa AC, wato wuta mai kai-kawo, aka ga ya haura rabin volt, altanetan ne abin zargi.

Maganin naka ɗan ƙaramin akwati ne da ake sayarwa da sunan ground loop isolator. Yana da ramin milimita 3.5 a gefe ɗaya da igiya a ɗaya gefen, kana sa shi tsakanin waya da ramin AUX. A cikinsa akwai ƙananan taransifoma biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, waɗanda ke wuce da sauti ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, sai hanyar da ƙarar ke bi ta yanke. Ba ya buƙatar batir. Aibinsa ɗaya: masu arha sosai suna rage bas, don taransifomarsu ta yi ƙanƙanta. Idan ba ka samu ba, yi cajin da power bank, ko ka cika wayar kafin ka fita. Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne a yanke negetif ɗin wani abu, ko a cire fiyus a ɗaura zaren waya a madadinsa, wai don a kashe ƙara. Da haka ake ƙone wayarin mota.

Idan Bluetooth kake sha'awa, akwai 'yar na'urar karɓa da ake sakawa a ramin AUX, wayar ta riƙa tura mata sauti ta iska. Tana da kyau, musamman mai maɓallin wuce waƙa da amsa kira. Amma ka lura, idan daga cajar motar take shan wuta, hanyoyi biyun nan sun sake haɗuwa a jikinta, tsuwwar za ta dawo. Ko ka ɗauki mai batir a ciki, ko ka haɗa ta da akwatin da muka ambata.

Ita kanta igiyar, duba kanta. Mai baƙin zobe biyu ita ce ta AUX: hagu, dama, da negetif. Mai zobe uku ta iyafis ce mai makirfo, wasu rediyon ba sa zama da ita daidai, sai ka ji murya ta yi nisa ko gefe ɗaya ya ɗauke. Idan sauti yana yankewa duk lokacin da ka motsa igiyar, ta karye daga ciki a daidai wuyanta, ko ƙura ta cika ramin. Wayoyin da ba su da ramin iyafis kuma suna buƙatar adafta ta USB-C ko Lightning mai ɗauke da guntun da ke mayar da sauti daga lambobi. Adaftar USB-C da ba ta da shi ba ta aiki a wayoyi da yawa.

Saitin murya ma yana da ka'ida. Kai muryar waya ko MP3 wajen kashi uku cikin huɗu, ka kashe duk wani ƙarin bas da ke cikinta, sannan ka riƙa sarrafa ƙarfi daga rediyo. Idan wayar ta yi ƙasa sosai, dole ka buɗe rediyo har ƙarshe, sai ya ɗago shuuu tare da waƙar, kuma ranar da ka koma tashar FM ba ka rage ba za ka firgita. Idan ta kai ƙarshe, wasu na'urorin suna fara murƙushe sauti tun kafin ya isa rediyo. Kada kuma rubutun watt 50 sau huɗu da ke jikin rediyo ya ruɗe ka. Ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai bai cika wuce watt 15 zuwa 22 a kowace sifika ba. Da ka ji sauti ya fara kakkarta, rage. Wannan kartar ce ke ƙone ƙananan sifikun da ke fitar da siririyar murya.

Sai na'urar FM. Ƙaramar tashar rediyo ce, kuma da gangan aka yi ta da rauni, domin dokokin sadarwa ba su yarda ta yi ƙarfin da za ta shiga rediyon wasu ba. Eriyar motarka tana waje ko a gilashin baya, an tsara ta ne don kamo manyan tashoshi, don haka duk tashar da ke kusa da mitar da ka zaɓa za ta fi ƙarfinta. FM kuma ba ya ɗaukar sautin da ya wuce kilohaz 15, kuma sitiriyonsa yana zuwa da shuuu idan sigina ba ta da ƙarfi. Ba za ta taɓa kai AUX tsaftar sauti ba. Idan dole sai da ita, kamar a motar da ba ta da ramin AUX, zare ta tukuna, ka bi mitocin rediyo da hannu tsakanin 87.5 da 108, ka nemi inda babu ko alamar magana, kuma maƙwabtansa na sama da ƙasa su ma babu komai. Sannan ka saita na'urar a kan wannan mitar daidai. Rediyon motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka lamba mara yake tsayawa kawai, kamar 88.1 da 88.3, don haka kada ka sa na'urar a 88.2. Tsofaffin rediyon motocin cikin gida na Japan kuma daga 76 zuwa 90 suke kamawa, wurin da za ku haɗu da na'urar shi ne 87.5 zuwa 90 kawai. Mitar da ke fili a wani gari tana iya zama ta wata tasha a gari na gaba, wannan kuwa babu maganinsa sai irin na'urar da ake haɗawa kai tsaye tsakanin igiyar eriya da rediyo, wadda ke katse eriyar waje idan an kunna ta. Ka kuma duba ko ramin cajarka yana mutuwa idan an zare makulli. A wasu motoci ba ya mutuwa, na'urar da aka bari a ciki kwanaki tana iya shanye batir.

Filash ɗinka kusan tabbas tsarin ajiyarsa ne matsalar. Yawancin irin waɗannan na'urori da tsofaffin rediyo FAT32 kawai suke ganewa, alhali manyan filash kan zo da exFAT, wasu kuma an mayar da su NTFS. Kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, domin fomatin yana share komai, ka mayar da shi FAT32, sannan ka dawo da waƙoƙin. Gigabayit 32 ko ƙasa da haka ya fi tabbas. Ka tabbatar fayilolin MP3 ne na gaske, sauya wa fayil suna zuwa .mp3 ba ya mayar da shi MP3. Kada ka binne su cikin folda a cikin folda. Don waƙa, kilobit 192 zuwa sama ya wadatar a mota. Magana zalla ba ta buƙatar haka.

Yaushe ne canza rediyo ke da ma'ana? Idan kana son kira ba tare da riƙe waya ba, ko taswira a allo ta Android Auto ko Apple CarPlay. To nan sai ka auna gurbin: mai hawa ɗaya milimita 180 ne faɗi da 50 tsayi, mai hawa biyu 180 da 100. Nemi soket ɗin haɗi da ya dace da motarka maimakon a yanyanke wayarin kamfani. A rediyon kasuwa, rawaya ita ce wutar batir ta dindindin, ja ta makulli, baƙa negetif, shuɗiya mai farin layi tana tayar da amfilifaya. Idan aka musanya ja da rawaya, rediyon zai riƙa manta tashoshi da agogo duk lokacin da ka kashe mota. Idan aka haɗa su biyun a wutar dindindin, zai kwana yana jan batir. Kada a ɗaure negetif ɗin sifika a ƙarfen mota, kuma kada a jera sifika biyu masu ohm 4 a layi ɗaya su koma ohm 2, duka biyun suna ƙone rediyo. A cire negetif ɗin batir kafin a fara aiki, amma ka nemi lambar sirrin tsohon rediyon tukuna, domin wasu na kamfani suna kulle kansu idan wuta ta yanke. Maɓallan sitiyari ma ba za su yi aiki da sabon ba sai da adaftarsu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi duk waɗannan nauyi a wurinmu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku da za ka yi kana neman waƙa a allo, ka wuce mita 80 ba ka ga hanya ba. Ko a kilomita 50, daƙiƙa ukun nan sun haura mita 40. Shi ya sa a 2022 Birtaniya ta faɗaɗa dokarta har ta haɗa da riƙe waya a hannu don zaɓen waƙa, Faransa kuma tun 2015 ta haramta wa direba sa iyafis. Ko dokar inda kake ba ta kai haka ba, haɗarin ɗaya ne. Shirya jerin abin da za ka saurara kafin ka sa giya, ka sa ya riƙa wucewa da kansa. 'Yar MP3 mai maɓallai a nan ta fi waya, don yatsa yana gane maɓalli ba sai ido ya duba ba, kuma saƙo ba ya shigo mata. Idan abu ya rikice, faka ka gyara. Kada ka toshe kunnuwa biyu, kuma ka bar muryar a inda za ka ji hon da jiniya da sauyin ƙarar injinka.

Wurin ajiye na'urar ma a kula. Kafa ta a mariƙi mai ƙarfi inda ba ta tare maka gilashi, nesa da inda jakar iska ke fitowa, domin duk abin da ke gabanta idan ta fashe fuskar mutum zai nufa. Igiyar AUX ta zama gajeruwa, mita ɗaya ta isa, a bi da ita ta inda ba za ta naɗe giya ko birkin hannu ba, ko ta sauka wajen ƙafafunka. Kada kuma ka bar waya, MP3 ko power bank a kan dashbod cikin rana: an tsara yawancin wayoyi su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, dashbod ɗin motar da aka rufe kuwa yana wuce haka nesa, batirin sai ya kumbura ko ya mutu da wuri.