Justin Rose: me ya sa ya sha wuya bayan ya mayar da golf sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce Justin Rose yana ɗan shekara 17 ya zo na huɗu a gasar Open ta Birtaniya amma bai karɓi ko sisi ba, kuma da ya koma wasan kuɗi sai ya yi ta faɗuwa. Me ya hana shi kuɗinsa? Kuma ta yaya mai irin wannan baiwa zai kasa daga baya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji haka yake. A golf 'yan wasa kashi biyu ne: masu yi don sha'awa, da waɗanda suka mayar da shi sana'a. Ɗan sha'awa zai iya shiga babbar gasa idan ya cancanta, ya kara da manya, amma doka ta hana shi karɓar kuɗin da aka ware wa 'yan sana'a, ko da shi ya lashe kofin. Ba Rose kaɗai wannan ta faɗa wa ba. A 2009 Shane Lowry ya ci gasar Irish Open yana ɗan sha'awa, Yuro 500,000 na wanda ya zo na ɗaya suka tafi aljihun Robert Rock, wanda Lowry ya doke. Haka aka yi wa Nick Dunlap a Amurka a 2024: kofi nasa, dala miliyan ɗaya da rabi na wani.

Shi Rose a Johannesburg aka haife shi a 1980, ya tashi a Ingila. A watan Yulin 1998 aka yi gasar Open a filin Royal Birkdale. A rami na ƙarshe ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa mai kauri, kusan yadi 50 daga ramin. Yaron ya ɗaga ta da bugu ɗaya, ta sauka, ta gangara, ta shige. Filin ya ɗauki ihu, shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama yana dariya. Mark O'Meara ne ya ɗauki kofi, amma sunan Rose ne a bakin mutane. Washegari ya bayyana cewa ya koma ɗan sana'a.

Nan wahalar ta fara, kuma sai ka san yadda gasar take kafin ka gane nauyinta. Gasa kwana huɗu ce, ramuka 18 kowace rana. Bayan kwana biyu ake tankaɗe da rairaya: kusan rabin 'yan wasa su ci gaba, sauran su tattara sandunansu su koma gida hannu rabbana. A lokacin ba albashi a wannan sana'a. Kuɗin jirgi, na masauki, da ladan mai ɗaukar masa jakar sanduna duk a kan ɗan wasa suke, ya ci ko bai ci ba. To, Rose gasa 21 a jere aka tankaɗe shi. Kusan shekara guda bai ga kwana na uku ba, ga 'yan jarida na biye da shi suna ƙirgawa.

A ganina ya yi gaggawa. Ɗan sha'awa yana zaɓen gasannin da zai shiga, ya huta tsakani, kuma idan ya faɗi ba abin da ya ragu a gidansu. Mako ɗaya mai kyau ya isa ya yi suna. Ɗan sana'a kuwa kowane mako sabon gari, sabon fili, tare da mutane sama da ɗari da kowannensu shi ma gwani ne a inda ya fito. Bugun da yaro ke yi da sakakkiyar zuciya, da zarar ya san abincinsa a kansa ya rataya, hannu sai ya fara rawa. Kwatanta shi da Tiger Woods: sai da ya ci babbar gasar 'yan sha'awa ta Amurka sau uku a jere, 1994 zuwa 1996, ya yi shekara biyu a jami'ar Stanford, sannan ya koma sana'a yana da shekara 20. Kafin shekarar ta ƙare ya ci gasa biyu.

Sai da Rose ya bi ta gasar share fage a ƙarshen 1999 ya samu katin buga gasannin Turai, ya kasa riƙe shi, ya sake komawa ya samo. Nasararsa ta farko ta zo a 2002 a Afirka ta Kudu, ƙasar haihuwarsa. A shekarar ce mahaifinsa Ken, wanda ya koya masa wasan kuma ya raka shi duk tsawon wahalar nan, ya rasu sakamakon sankarar jini.

Daga nan tafiya ta miƙe, duk da ba a rasa tuntuɓe ba. Ya zama na ɗaya a Turai a 2007. A 2013 ya lashe US Open a filin Merion, ɗan Ingila na farko da ya yi haka tun bayan Tony Jacklin a 1970. Ya ci zinare a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya zama na ɗaya a duniya a 2018. Gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu, ita ce ta ƙi shi: sau biyu yana yin kunnen doki a saman teburi, a je raba gardama a doke shi, Sergio Garcia a 2017, sai Rory McIlroy a 2025, lokacin Rose yana da shekara 44.