Al'ada ta ɗauke wa maiɗakina 'yar Taiwan: wane magani zan saya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Taichung na ƙasar Taiwan tare da maiɗakina, 'yar ƙasar ce mai shekara 52. Tun da al'ada ta ɗauke mata bara, kwanciyar aure ta zame mata azaba saboda zafi, kuma ba ta son a tayar da zancen. Yayarta ta kawo mata saiwar danggui, wani maganin gargajiya na Sinawa, wani asibitin kuɗi yana tallar gyaran gaba da na'urar lesa mai aiki da haske, ni kuwa ina tunanin in sa a aiko mata kayan mata daga gida. Wanne ya cancanci kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matan Taiwan galibi al'ada na ɗauke musu ne wajen shekara 50, kuma idan sinadarin estrojin, wato homon na mata, ya ragu a jiki, fatar gaba takan yi siriri ta bushe, har saduwa ta riƙa sa raɗaɗi kamar an goga barkono. Sau da yawa wannan zafin ne ke kashe sha'awa. Shirun nata ma kada ya ba ka mamaki, domin mata da yawa na tsararta a can sun fi sakin baki su gaya wa likita rashin barci da ciwon gaɓoɓi, su haɗiye zancen shimfiɗa.

Ka fara da mai araha. A kantunan Watsons ko Cosmed akwai man santsi wanda aka haɗa da ruwa, na lokacin saduwa, akwai kuma man jiƙa gaba da ake sawa duk bayan kwana biyu ko uku. Idan waɗannan ba su wadatar ba, sai ta ɗauki katin inshorar lafiyarta ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1995, ta ga likitan mata, wanda zai iya rubuta mata man estrojin na shafawa a gaba. Mata da yawa sun tsorata da maganin homon tun bayan wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, amma shi na shafawar kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Duk da haka, idan ta taɓa yin sankarar mama, wajibi ne likita ya sani tukuna.

Na'urar lesa kuwa daga aljihunka za ka biya, kuɗi masu kauri, alhali hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 cewa irin wannan aiki na iya haddasa ƙuna da tabo. Ban ga dalilin fara da shi ba. Danggui tana da daraja a gidajen Taiwan, amma ba a tabbatar tana maganin bushewa ba, kuma tana iya ƙara tsinka jini ga mai shan warfarin, wato maganin hana daskarewar jini. Kayan mata kuwa, musamman na matsi, ka bar su inda suke, domin fatar da ta riga ta yi siriri ba ta jure haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Ranar zuwa asibiti ka nema mata likita mace, ka raka ta idan ta yarda. In kuwa ta ga ko ɗigon jini bayan ta shekara ba ta yi al'ada ba, kada ku tsaya sayen komai, ku je asibiti a makon nan.