Amsa ga mai neman yadda za ta gode wa ma'aikatan asibitin da suka yi jinyar mahaifiyarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ta yi kwana 19 a kwance bayan tiyata, an sallame ta, kuma akwai ma'aikatan da suka riƙe ta kamar uwar da ta haife su. Kina tambaya ko ki sa kuɗi a ambulan ki kai musu, ko akwai hanyar da ta fi. Na kuma ga wani ɗan'uwa mai aiki a ofishin gudanarwar wani asibiti ya ɗora tasa tambayar a ƙasa, kan yadda za su kafa lambar yabo ga ma'aikata. Zan haɗa amsar wuri guda, don tushensu ɗaya.

Ki ajiye maganar ambulan tukuna. Na san da zuciya ɗaya kike nufi, amma kuɗin hannu yakan jawo wa wanda aka ba matsala. Asibitoci da yawa suna da doka a rubuce da ta hana ma'aikaci karɓar kuɗi daga mara lafiya ko danginsa, kuma idan magana ta fita, shi za a tuhuma, ke kina gida. Sannan mai jinyar da ke gadon kusa ta gani, ta ɗauka sai an ba da wani abu ake samun kulawa, ta shiga neman bashi. Ga kuma rabon: wanda ke duti a ranar da kika je shi zai samu, wanda ya yi dare bakwai yana juya Mama yana gida yana barci. Daga nan ƙananan maganganu suke farawa tsakanin abokan aiki.

Abin da ya fi yi wa ma'aikaci amfani shi ne takarda. Takardar yabo mai suna, mai rana, mai bayanin abin da ya faru, wadda ta isa hannun shugabansa kuma aka sa ta a fayil ɗinsa. "Mun gode" na baki a bakin ƙofa yana da daɗi, sai dai kafin a tashi duti ya bi iska. Takarda kuwa tana nan ranar da aka zauna duba ƙarin girma, ko zaɓen waɗanda za a tura ƙaro karatu, ko ranar da wani ya kai ƙarar ma'aikaciyar ana neman sanin halinta. Yawancin abin da ke shiga fayil daga wajen jama'a ƙorafi ne, domin wanda aka ɓata wa rai shi ke da ƙarfin zama ya yi rubutu. Shi ya sa takardar yabo guda take da nauyi.

Ki fara da nemo sunaye. A nan mutane da yawa suke tsayawa, don sun san fuska ba su san suna ba. Matsalar ta ko'ina ce. A 2013 wata likita 'yar Ingila, Kate Granger, tana kwance da ciwon daji, ta lura ma'aikata da dama suna zuwa kanta ba su faɗi sunansu ba, har ta fara kiran da ya yaɗu cewa kowane ma'aikaci ya fara gabatar da kansa kafin ya taɓa mara lafiya. Ke dai ki zauna da duk waɗanda suka yi jinya tare da ke, ku tuno rana da lokaci. Sai ki je wajen incajin ɗakin da aka kwantar da Mama, a lokacin da aiki ya lafa, bayan likitoci sun gama zagayen safe. Ki ce mata, "Daren Talata na makon farko, wace ce a dutin dare?" Jadawalin duti yana hannunta, sa hannun wanda ya ba da magani kuma yana cikin foldar mara lafiya. Ki gaya mata tun farko cewa yabo kika zo yi, domin duk wanda ya zo neman sunan ma'aikaci ana ɗauka ƙara zai kai, sai a riƙa yi masa hanya-hanya. Kada ki bari ya wuce mako biyu, don ana sauya wa ma'aikata ɗaki, ɗalibai masu koyon aiki kuma suna komawa makaranta.

Wajen rubutun, ki guji kalmomin da za su dace da kowa. "Tana da kirki, tana da haƙuri" ba ya nuna wa shugaba komai. Ki rubuta abin da ido ya gani. Misali: "A daren 4 ga wata, wajen ƙarfe 2, allurar ƙarin ruwa ta toshe, hannun mahaifiyata ya kumbura. Nas wance ta zo ba tare da an sake kiranta ba, ta cire, ta nemi wata jijiya a ɗaya hannun, ta yi mata bayanin abin da take yi, ta dawo bayan rabin awa ta duba." Wannan ya nuna ƙwarewa da tausayi a lokaci guda. Haka idan akwai wadda ta riƙa juya ta kowace awa biyu har ta fita ba gyambon kwanciya, ki faɗa, domin duk wanda ya san jinya ya san kwana 19 ba gyambo aikin hannun mutane ne dare da rana. Wadda ta ja labule kafin ta sauya robar fitsari, wanda ya zauna ya sake yi muku bayanin magani da harshen da kuke ji, wadda ta lura numfashi ya sauya ta kira likita da wuri, duk su shiga.

Shafi ɗaya ya isa. Sunan ɗakin, ranar kwanciya da ranar sallama, sunan ma'aikaci da aikinsa, abu ɗaya ko biyu da ya yi, abin da hakan ya yi muku, sai jimla guda da kada ki manta da ita: "Ina roƙon a sa kwafin wannan takarda a fayil ɗinta." Idan ba a roƙa ba, sau da yawa a kan allon sanarwa take ƙarewa har rana ta cinye tawadar. Ki yi kwafi uku, ban da naki. Ɗaya ga shugaban asibitin, a miƙa a ofishin karɓar wasiƙu a buga miki hatimin shaidar karɓa a naki. Ɗaya ga shugabar ma'aikatan jinya, ko shugaban sashen da mutumin yake. Ɗaya a hannun shi wanda aka yaba. Ba sai kin rubuta sunan ciwon Mama dalla-dalla ba, takardar za ta bi hannaye da yawa.

Akwai waɗanda nake roƙon kada ki tsallake. Likitan da ya yi tiyata kowa ya san sunansa. Wanda ya sa ta barci ya tsaya a kanta yana lura da numfashi da bugun zuciya har ta farfaɗo, da wuya a tuna da shi. Haka mai gwajin jini da ya tabbatar jinin da aka ƙara mata ya dace da nata, da masu wanke kayan tiyata su dafa su, da mai tura gado, da ma'aikacin ɗakin kati, da mai gadin da ya buɗe ƙofa cikin dare. Masu shara da goge-goge kuwa, su ne suke kwashe amai da jini, aikinsu yana cikin abin da ke hana ciwo ya kama ƙwayar cuta, amma su ne ƙarshen waɗanda ake gode wa. Wasunsu ma ba ma'aikatan asibitin ba ne, wani kamfani ne ya ɗauke su, don haka takardarsu sai a kai wa mai kula da su a kamfanin, a ba asibiti kwafi.

In har ranki bai kwanta ba sai kin kashe wani abu, ki yi wa ɗakin gaba ɗaya. Ki tambayi incaji abin da suka rasa, kada ki yi zato. Sau da yawa ƙananan abubuwa ne: ma'aunin zafin jiki, agogon bango mai hannun daƙiƙa don ƙirga numfashi, fitila mai caji, labulen tsakanin gadaje, kujerun masu jinya. Idan na'urar awon hawan jini ce, a sayi wadda ake ɗaurawa a dantse, a haɗa da babban maɗauri, domin ƙaramin maɗauri a hannu mai kauri yana nuna jini ya hau fiye da gaskiya. Kayan su bi ta sito a rubuta su a littafin kaya, a rubuta sunan ɗakin a jikinsu da fenti, a ba ki takardar karɓa. Kayan da aka miƙa hannu da hannu ba a rubuce ba, bayan wata uku ba mai iya cewa ga inda suke. Idan kuma an ƙara wa Mama jini, wani lafiyayye a gidanku ya je ya bayar. Kimanin mililita 450 ake ɗiba, ana son mai shekara 18 zuwa sama da nauyin da ya kai kilo 50, kuma za a gwada shi kafin a ɗiba.

Maganar hoto: kada ki ɗauka a cikin ɗakin marasa lafiya, fuskar wani za ta fito a baya. Kada kuma ki sa suna ko hoton ma'aikaciya a Facebook sai kin tambaye ta. Wasu ba sa so, kuma suna da dalilansu. Idan akwai wanda ya ɓata muku rai a zaman, ki rubuta wannan a takarda dabam. In aka haɗa su, ofis zai ɗauki takardar a matsayin ƙorafi, yabon ya nutse.

Ɗan'uwa mai tambayar lambar yabo, irin wannan tsari ya daɗe. A 1999 a Amurka, iyalan wani matashi, Patrick Barnes, wanda ya rasu yana da shekara 33 bayan makonni a asibiti, suka kafa lambar DAISY don gode wa ma'aikatan jinya, kuma yau asibitoci a ƙasashe da dama suna amfani da ita. Abin koyi a cikinta shi ne labarin da mara lafiya ko danginsa ko abokin aiki ya rubuta shi ne hujja. Ku yi takarda mai tambaya huɗu kawai: wane ne, yaushe, me ya yi, me hakan ya yi maka. Wanda bai iya rubutu ba, wani daga wajen ɗakin ya rubuta masa, kuma a ranar sallama ko bayanta. Mutumin da ke kwance da robar ƙarin ruwa a hannu ba zai iya ƙin yabon mai riƙe da allurarsa ba. Mabuɗin akwatin da za a riƙa jefa takardun kada ya zauna a ɗakin.

Kwamiti ya zama mutum 5 ko 7, a ciki har da ƙaramin ma'aikaci da wakilin jama'a, a riƙa sauya su duk shekara. Sakatare ya rufe sunaye kafin a karanta, a yi hukunci a kan aikin. Ba da lambar duk bayan wata uku ya fi wata-wata a ƙaramin asibiti, don in aka yawaita sai ta koma karɓa-karɓa, kowa ya san layinsa zai zo, daraja ta zube. Kada ku yi zaɓe da yawan ƙuri'a a waya, mai yawan abokai ne zai ci. Ku raba rukuni, aƙalla masu taɓa mara lafiya kai tsaye da masu aikin bayan fage, in ba haka ba mai gwaji a ɗakin gwaje-gwaje ba zai taɓa yin nasara a kan ungozoma ba. Duk ƙarshen shekara ku ƙirga: nawa ne daga dutin dare, nawa ne daga ƙananan ma'aikata. Idan babu, tsarin ne ya karkace. Kuma duk wanda aka ambata, ko bai ci ba, a ba shi kwafin abin da aka rubuta a kansa cikin mako guda. A ganina wannan ya fi bikin kansa amfani.

A miƙa lambar a ɗakin da mutum yake aiki, lokacin miƙa duti, don masu fita da masu shiga su shaida, a karanta labarin da ƙarfi bayan an cire sunan mara lafiya. Babban taro na shekara ana iya ɗora shi a 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, wadda ta dace da ranar haihuwar Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, a 1820. Ungozomomi tasu ranar 5 ga Mayu ce, masu haɗa magunguna 25 ga Satumba.

Abu ɗaya nake jin tsoro a irin wannan tsari, kuma yana faruwa. Sai a wayi gari wanda ake karramawa kullum shi ne wanda ya yi duti biyu a jere bai runtsa ba, ko wadda ta sayi safar hannu da kuɗinta. Ma'aikata suna karanta saƙon sarai: ana so su ƙone kansu. Gajiyayyen ma'aikaci shi ke kuskuren adadin magani, shi ke daka wa mai jinya tsawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewa a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, alamunta ƙarewar ƙarfi, da sanyin zuciya ga aikin, da raguwar ƙwazo. Idan labarin yabo ya nuna an bar nas ɗaya da gado 30, ku yaba mata, sannan takardar ta wuce teburin gudanarwa a matsayin rahoton ƙarancin ma'aikata. Inda albashi ke makara kuma hutu ba ya samuwa, takardar karramawa takan zama abin haushi.

'Yar'uwa, idan Mama ta ƙara ƙarfi kuma likita ya sa muku ranar komawa, ki ɗan biya da ita ta ƙofar ɗakin, da izinin incaji, minti biyar kawai. Ma'aikatan ɗakin kwanciya suna ganin mutum a mafi munin halinsa, da wuya su gan shi a tsaye da ƙafafunsa. Ki tafi da kwafin takardun a ranar, na masu dutin dare ki bar su a hannun incaji cikin ambulan mai sunan kowa.