Tambaya da Amsa: Me ya sa baƙo ne ke ceton 'yan ƙasa a Avatar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Makon jiya ni da ƙanena muka kalli fim ɗin Avatar, sai gardama ta kaure tsakaninmu. Shi ya ce fim ne mai la'antar mulkin mallaka, tunda a ƙarshe an fatattaki masu satar ma'adinai. Ni kuwa wani abu ya tsaya min a rai, na rasa yadda zan faɗa masa. Wa ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙanenki bai faɗi ƙarya ba. Fim ɗin da James Cameron ya fitar a ƙarshen 2009 ya nuna wani kamfani da ya sauka a duniyar Pandora don haƙar ma'adani mai tsada, da sojojin haya a bayansa. An buɗe wa mutanen wurin, wato Na'vi, makarantar koyon Turanci, da lallashi ya ƙi aiki sai aka kayar da babbar bishiyar da suke zaune a cikinta. Duk wanda ya san abin da Sarki Leopold na Beljiyam ya yi a Kwango, inda aka riƙa guntule hannayen mutane saboda roba, ya san wannan labarin tun kafin a zo da shi majigi.

Amma abin da ya tsaya miki, ni ma ya tsaya min tun ranar da na fara kallonsa a kwamfutar wani abokina, har na kwana ina juya shi. Wa ya ceci Na'vi? Jake Sully ne, Bature, tsohon sojan Amurka, wanda ya shigo musu da sunan koyon al'ada alhali leƙen asiri ya kawo shi. Cikin wata uku ya iya farautarsu, ya samu 'yar sarki, ya hau ƙaton tsuntsun da mutum biyar kacal suka taɓa hawa a tarihinsu, sannan ƙabilu suka taru a bayansa. Ki ɗauka wani sojan Lugard ne ya sauya sheƙa a 1903, ya yi wata uku a Sakkwato, sai ga shi gaban Sarkin Musulmi Attahiru yana jan mutane zuwa Burmi. Wane ɗan ƙasar nan ne zai yarda da wannan tatsuniya? Fim ɗin yana tausayin waɗanda aka zalunta, amma bai yarda za su iya tsayawa da ƙafafunsu ba.

A 2009 ɗin dai aka fitar da fim ɗin District 9, wanda Neill Blomkamp ya shirya a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. An tsare halittun wata duniya a unguwar talakawa, ana shirin tashinsu da ƙarfi, kamar yadda gwamnatin wariyar launin fata ta yi wa mutanen District Six na Cape Town bayan 1966. Niyya mai kyau ke nan. Sai dai a cikinsa 'yan Najeriya su ne 'yan daba da masu cin naman halittun don tsafi, shugabansu ma Obesandjo aka sa masa. Marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai a lokacin, ta nemi gidajen silima su daina nuna shi. Abin ya yi min zafi ƙwarai, domin fim ne da ya zo yaƙar wariya amma ya kasa ganin mutum a jikin baƙar fatar da ta fito daga ƙasata.

Shawarata, ku sake zama ke da ƙanenki, ku je wurin da Jake ke kiran Na'vi zuwa yaƙi. Ki ce masa ya dubi wanda ke tsaye kusa da shi. Tsu'tey ne, sabon shugaban ƙabilar, jarumin da aka haifa a ƙasar, kuma aikin da aka ba shi a wannan babbar rana shi ne tafinta: Bature na magana, shi yana fassara wa mutanensa.