Kafin Ka Ɗaura Wa Taraktarka Hannun Haƙa

Wani ɗan kasuwar hatsi daga yankin Kura a jihar Kano ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da tarakta Massey Ferguson 375 wadda take yin kaftu da huɗa wata biyu zuwa uku a farkon damina, daga nan sai ta koma ƙarƙashin rumfa ta zauna. Wani dillali ya yi masa tayin hannun haƙa wanda aka taɓa amfani da shi, irin wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta ta riƙa tono kamar ƙaramar katafila, a kan naira miliyan 7. Yana son ya fara da haƙa tafkunan kifi huɗu da magudanar ruwa a gonarsa, sannan ya riƙa bayar da haya ga masu fandisho da sokawe. Ɗan yayansa da ke tuƙa taraktar shi ne zai riƙa sarrafa hannun, kuma wani mai walda ya ce zai daidaita shi a kan maƙalan garma. A lissafinsa, naira 150,000 a rana, kwana 25 a wata, cikin wata biyu kuɗinsa sun dawo. Ya rufe wasiƙar da cewa: "Tunda taraktar tana zaune ne kawai, ai ba abin da zan yi asara."

Alhaji, na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a wannan jimla ta ƙarshe na tsaya, domin a cikinta kuskurenka yake. Ka sa wa hannun haƙa farashi, ka sa wa aikin rana farashi, amma taraktar da za ta ɗauki dukkan wahalar ka rubuta mata sifili, alhali ita ce mafi tsada a cikin duk abin da ka lissafa, kuma ita ce take ciyar da gidanka a kowace damina. Taraktar da ke zaune a rumfa ba ta cin komai sai ɗan tsatsa da mutuwar batir. Ranar da ka fitar da ita ta fara dukan marmara a watan Maris kuwa, kowace awa da ta yi daga cikin awoyin rayuwarta aka cire ta, kuma wani ne zai biya kuɗin wannan awa. Idan ba ka sa shi a kan wanda ya ɗauki hayar ba, to daga aljihunka zai fita, sai dai ba za ka gani ba sai ranar da bakanike ya kwance injin ya miƙo maka takarda.

Bari in fara da maganar mai walda, domin nan ne hatsarin ya fi kusa. Maƙalan nan guda uku da ke bayan taraktarka, biyu a ƙasa ɗaya a sama, Harry Ferguson ya tsara su ne domin jan garma, wato nauyin da ke ja ta baya a hankali kuma a kan layi ɗaya. Hannun haƙa ba haka yake aiki ba. Yana fizga, yana dannawa ƙasa, yana juyawa hagu da dama da bokiti cike da ƙasa a nesa da jikin motar, kuma idan aka rataye shi a kan maƙalan garma kaɗai, yawancin wannan ƙarfi yana bi ta maƙalin sama ne ya sauka a kan kaskon giya da gatarin baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya. Irin taraktarka ba ta da wani dogon shasi kamar na babbar mota. Injin da gidan kuloci da giyabos da gatarin baya, waɗanda aka ɗaure da kusoshi, su ne ƙashin bayanta. Abin da ya tsage a nan ba ƙaramin gyara ba ne, kuma ƙarfen zubi ba ya karɓar walda yadda ƙofar gida take karɓa. Shi ya sa masu ƙera irin wannan hannu suke yi masa firam na musamman da ke bi ta ƙarƙashin tarakta har zuwa wajen inji, domin ya rarraba nauyin a tsawon jikinta. Kamfanin JCB na Ingila ma da ya fitar da nasa na farko a 1953, a kan taraktar gona ya ɗora shi, amma bai daɗe ba ya koma ƙera wa hannun jikinsa na kansa mai ƙarfi. Idan dillalinka bai haɗa maka da firam da ya dace da 375 ba, to miliyan 7 ɗin nan rabin ciniki ne, kuma ka tambaye shi kuɗin sauran rabin kafin ku ƙara wata magana.

Na san wani manomi da ya yi daidai abin da kake shirin yi. Ya rataye hannun a kan maƙalan garma, ya sa aka ƙara masa wasu ƙarafa a wajen masu walda, ya yi aiki lafiya tun daga Janairu, har ya fara yi wa abokansa dariya cewa tsoro ne ya hana su arziki. A tsakiyar watan Mayu, a wani ramin sokawe, haƙorin bokiti ya kama dutse, yaron da ke sarrafa hannun ya ƙara wuta domin ya ɓamɓaro shi, sai aka ji ƙara kamar an fasa tukunya. Da na je na gani, tsagar ta taso daga inda maƙalin sama yake ta gangaro, man giya yana tsiyaya cikin ramin har ya yi baƙin tabo a kan jar ƙasa. Kafin a samo kaskon da zai maye gurbinsa a haɗa, an yi shuka an gama, manoman da suka ba shi kafin alƙalamin kaftu sun karɓi kuɗinsu sun tafi wurin wani, wasunsu kuma har yau ba su dawo ba. Kuɗin haƙan wata huɗu gaba ɗaya bai kai abin da ya rasa a wannan damina ɗaya ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Akwai kuma abin da ya fi asarar dukiya. Tsarin ɗaga garma na irin wannan tarakta yana jin nauyi ne ta maƙalin sama, ya ɗaga da kansa idan garma ta cije. Idan ba a kulle shi da sandunan ƙarfe ba, zai iya ɗago hannun haƙan gaba ɗaya alhali mai aiki yana zaune a kujerarsa, ya matse shi da jikin taraktar ko rufinta. Ɗan yayanka ne zai zauna a wannan kujera.

Sai batun man haidirolik, wanda shi ma ya koma kan lafiyar taraktar. Famfon cikin taraktarka an yi shi ne domin ɗaga garma da hara, kuma man da yake turawa shi ne dai man da giya take wanka a ciki. Idan ka jona hannun haƙa da shi, aikin zai yi nawa, man zai yi zafi a ranakun bazara da ake haura digiri 40, sannan duk ƙurar hunturu da ta shiga ta bakin tiyo za ta zarce cikin giyabos. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne hannun da ya zo da famfonsa da tankin mansa, wanda sandar PTO, wato sandar bayan tarakta da inji yake juyawa domin ba kayan aiki ƙarfi, take juyawa, domin dattinsa ya tsaya a jikinsa. Kuma tunda abin da za ka rataya a baya zai kai rabin tan ko ya fi, sai ka ƙara nauyi a gaba, in ba haka ba sitiyari zai yi sakayau a kan titi, wanda ba abin wasa ba ne a hanyar Kano zuwa Zariya da manyan motoci suke bi dare da rana.

Yanzu mu koma lissafinka, wanda da ganin yadda ya fito sumul na san lissafin dokin Rano ne. Mu ƙaddara cewa idan taraktar ta mutu yau, sai ka kashe miliyan 24 kafin ka sami irinta, mu kuma ƙaddara tana da awa 8,000 kafin ta zama sai babban gyara. Kowace awa ta tashi naira 3,000 ke nan, wato 24,000 a aikin awa takwas, kuma na yi maka sauƙi domin haƙa ya fi kaftu cin mota. Man gas lita huɗu zuwa biyar a awa, ko da a ce lita naira 1,000 ce, ka kusa 40,000. Direba da yaronsa 15,000. Giris da haƙoran bokiti da tiyon da zai fashe, ka ware 10,000. Ɗan kamashon da ya kawo aikin zai karɓi nasa, mu ce 12,000. Daga cikin 150,000 abin da ya rage bai kai 50,000 ba. Waɗannan alkaluma nawa ne na kintace, kuma kai ne ya kamata ka gyara mini su daga littafinka, amma wasiƙarka ta nuna mini babu littafin, domin wanda ya san awa nawa taraktarsa ta yi bara ba zai ce tana zaune kyauta ba.

Kwana 25 a wata kuwa mafarki ne. Ka dubi inda kake a kasuwar haƙa. A ƙasanka akwai leburori masu diga da shebur da ke karɓar jingar fandishon gida mai ɗaki uku ko huɗu, su shiga lungun da tarakta ba za ta iya juyawa ba, su fitar da kusurwa daidai da igiyar magini, kuma ba sa shan man gas. A samanka akwai katafila ta gaske, wadda take haƙa fiye da mita huɗu, ta juya ko'ina ta zuba wa tifa, ta gama a yini ɗaya abin da zai ci maka kwana huɗu ko biyar. Hannunka zai tsaya ne a wajen mita biyu zuwa uku, yana juyawa rabin da'ira kawai, kuma duk bayan 'yan taku sai direba ya ɗage ƙafafun tokare, ya sauko daga kujerar baya, ya hau ta gaba, ya matsa, ya sake saukowa ya kafa. Abin da ya rage maka shi ne tsakiya: sokawe, ramin kwalbati, layin bututun ruwa a gonaki, ƙananan tafkunan kifi, da yashe magudanai a filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga. Aiki ne na gaske, ban raina shi ba, amma idan ka sami kwana takwas a wata cikin watanni bakwai na rani ka gode wa Allah. Kwana 56 ke nan a shekara, ribar ba ta kai miliyan 3 ba, don haka wata biyun da ka rubuta ya koma shekara biyu da rabi ko uku, ban da kuɗin firam, kuma da sharaɗin babu abin da ya tsage.

Game da ɗan yayanka, ba na zarginsa da komai, amma iya kaftu dabam, iya haƙa dabam. Wanda bai saba ba yana jan bokiti da ƙarfin tsiya maimakon ya riƙa yankar ƙasa kaɗan-kaɗan, yana ture tarin ƙasa da gefen hannun, yana ɗaga tayoyin baya sama da ƙafafun tokare fiye da kima, yana tara ƙasa a bakin rami har gefen ya rufta. Duk wannan a jikin taraktarka zai koya. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin bututun ruwan unguwa guda da wani yaro ya tsinke mini a wani fili, saboda babu wanda ya tsaya ya tambayi mai unguwa da maƙwabta abin da ke binne a wurin kafin a sa bokiti, kuma ranar na yini ina ba mutane haƙuri da ruwa har idon sawu. Sannan ka tuna cewa da zarar mota ta bar gabanka ta tafi wani gari, ramin da aka haƙa wa maƙwabcin mai aiki da yamma a karɓi na goro ba zai taɓa zuwa kunnenka ba, amma awoyinsa sun fita daga jikin motarka. Baƙo za ka iya tsare shi da tambaya; ɗan yayanka kuwa, da ka buɗe baki za a ce ka zargi ɗanka, maganar ta koma cikin gida. Abin da ke raba wannan gardama tun kafin ta taso shi ne mitar awa da ke gaban direba. Idan ta mutu, kamar yadda ta mutu a yawancin taraktocin da nake gani, ka gyara ta a wannan makon, ka sa a riƙa rubuta lambarta da safe da yamma tare da litar man da aka zuba, ko ka sayi hannun haƙa ko ba ka saya ba.

Tafkunan kifinka huɗu ba sa bukatar ka mallaki komai. Ka ɗauko hayar katafila ta kwana biyu ko uku ta haƙa su, magudanar kuma ka ba leburori jinga, ka tsaya a wurin da kanka da biro da takarda, ka rubuta awa nawa aka yi, man nawa aka sha, inda aka ci karo da marmara da yadda ta rage saurin aikin. A cikin wannan ranin kuma, duk wanda ya zo neman mai haƙa a yankinku ka rubuta irin aikinsa da abin da ya yarda zai biya, ka haɗa shi da mai katafila ka karɓi kamashonka. Idan kaka ta zagayo littafin ya nuna maka aƙalla kwana 60 na aikin da ya fi ƙarfin lebura kuma bai kai a kira katafila ba, sai ka koma wurin dillalin, ka tafi da bakanikenka ya duba fil-fil da bushi da silinda ko suna yoyo, ka ce masa da firam da famfon PTO kake so ko kuma a fasa. Ko a lokacin ma, ka sa wa kanka doka cewa daga ƙarshen Afrilu an sauke hannun an jingine shi a kan daɓen siminti, an toshe bakin tiyoyinsa, taraktar ta shiga hannun bakanike domin shirin kaftu, komai kuɗin da mai sokawe zai ɗora a kan tebur.