Biyayya, ladabi da haƙƙin iyaye: amsoshin tambayoyinku kan al'adar Sinawa

Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk sun karkata ga ƙasar Sin. Ba abin mamaki ba ne, tunda 'yan kasuwarmu sun saba da hanyar Guangzhou da Yiwu, ɗalibanmu kuma suna cikin jami'o'insu.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Abokin cinikina na Guangzhou ya rufe shago ya tafi ƙauyensu jinyar mahaifiyarsa, kayana suna jira. Tafinta ya ce abin da suke kira xiao ke nan, wato biyayya ga iyaye. Fassarar ta yi daidai?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya fito maka da kayanka. Tafintan bai yi ƙarya ba, sai dai ya auna maka da ƙaramin mudu. Biyayya daga "bi" ta fito: a ce yi ka yi, a ce bari ka bari. Kurtun soja yana yi wa hafsansa biyayya ko da zuciyarsa na tafasa. Wanda ya bar ciniki ya tafi jinya kuwa, da wuya a ce umarni aka ba shi. Mai yiwuwa ma tsohuwar cewa ta yi ya zauna ya nemi abincinsa.

Ana furta kalmar xiao kamar "shiyau". A rubutunsu harafi biyu aka haɗa, na sama guntun harafin da ke nufin tsoho, na ƙasa harafin ɗa, wato ɗa ne ke ɗauke da tsoho. Babban malaminsu Kongzi, wanda aka fi sani da Confucius, ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafin Lunyu, inda aka tara maganganunsa, wani almajirinsa mai suna Ziyou ya tambaye shi ma'anar wannan kalma. Ya ce mutanen zamaninsa sun ɗauka ciyar da iyaye shi ke nan, alhali karnuka da dawaki ma ana ciyar da su. In babu girmamawa, ina bambancin? Da wani almajirin, Zixia, ya yi irin wannan tambayar, sai ya ce masa abin da ke da wuya shi ne fuska. Ɗauke wa manya aiki da ba su abinci su fara ci, duk wannan bai kai ba.

Maganar fuskar nan ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan muke zubar da lada. Za ka ga saurayi ya shigo ɗakin mahaifiyarsa da takalmi a ƙafa, waya a kunne, ya tsaya mata ƙiƙam a ka, ya ajiye ledar magani a bakin gado, ya ce "Hajiya kin ga alat?" ya juya. Ita kuwa tun da ta ji tsayuwar motarsa ta shimfiɗa masa darduma, ta sa an dama fura. In ya fita majalisa zai ce ai shi yana yi wa iyayensa biyayya. Ya ciyar, Allah ya saka masa da alheri, amma Hausa ba ta kiran wannan ladabi. Ladabi shi ne ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sassauta murya, ka zauna har a sallame ka. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i da kowa ya haddace, ihsani ta ambata, wato kyautatawa, sannan ta hana ko "uf" a ce musu, ta hana a tsawata musu. Ita ma ga murya da fuska ta nufa.

Akwai wani wurin kuma da "biyayya" ke ɓatar da mai karatu. Kongzi ya ce idan iyaye suka yi kuskure, ɗa ya yi musu nasiha a hankali. In ba su karɓa ba ya ci gaba da girmama su, kada ya yi gunaguni. Wani ƙaramin littafinsu kan haƙƙin iyaye, mai suna Xiaojing, ma ya ce uban da ke da ɗa mai faɗa masa gaskiya ba zai faɗa cikin rashin adalci ba. Saboda haka in ni ne tafinta, "sauke haƙƙin iyaye" zan ce, ko "kyautata wa iyaye da girmama su". Inda muka rabu da su shi ne bayan mutuwa. Su a bikin Qingming, ranar 4 ko 5 ga Afrilu, sukan share kaburbura, su ajiye abinci, su ƙona turare. Mu namu addu'a ce da sadaka da sada zumuncin da iyaye suka bari.

Tambaya: To ina matsayin "bin na gaba bin Allah"?

Amsa: Yana nan daram, muddin na gaban bai kauce wa hanyar Allah ba. Masu jawo shi don rufe bakin ƙananansu sun karanta rabinsa ne.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Zariya, ina karatu a Wuhan. An ce mini lao da ke cikin laoshi, malami, ma'anarsa tsoho, kuma girmamawa ce. A Hausa laifi ne in ce da babana "tsoho"?

Amsa: 'Yata, a bayan idonsa babu laifi. "Tsohona" da "tsohuwata" hanya ce ta kauce wa ambaton suna, haka ma "gyatumata". A gaban idonsa kuwa Baba ne, ko Abba, ko Malam, ko Alhaji. Ga wanda ba mahaifinki ba, ki riƙe "dattijo". Tsufa shekaru ne, kowa ya yi tsawon rai zai same shi. Dattaku hali ne: haƙuri, riƙon amana, kame baki. Shi ya sa muke cewa "babba juji ne", kuma shi ya sa za a iya cewa wane ya tsufa amma bai san ya girma ba. Kalmar dattijo daga Fulatanci muka aro ta, ta kuma zauna da gindinta. Ina jin takaici in na ji mai labarai ya ce "wani tsoho ɗan shekara 60", alhali dattijo yake nufi. Sinawa ma suna da irin wannan mataki: in sunan mutum Wang, Lao Wang kiran sabo ne ga wanda ya ɗan girme ka, amma in aka juya aka ce Wang Lao, to an kai shi matsayin babban dattijo.

Tunda kin taɓo suna, bari in ƙara miki. Sinawan dā ba sa furta sunan uba, ba sa ma rubuta shi. Masanin tarihinsu Sima Qian, da yake sunan mahaifinsa Tan, in ya zo kan wani mai wannan suna yakan sauya harafin. A zamanin daular Tang, mawaƙi Li He ya rasa damar zama babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati, mai suna jinshi, don kawai sunan mahaifinsa Jinsu ya yi kama da sunan jarrabawar. Marubuci Han Yu ya rubuta maƙala yana kare shi, amma hakan bai buɗe masa ƙofa ba. Wannan kam an wuce gona da iri. Mu tamu alkunyar ta fi sauƙi: a sa wa yaro sunan kakansa, sai gida duka a koma kiransa Abba ko Baffa ko Mai-sunan-Malam, yarinya kuma Ummi ko Mama, don kada uwa ta riƙa ƙwala kiran sunan surukinta a tsakar gida.

Tambaya: Me ya sa kake ƙin "anti" da "ankul"? Ai duk girmamawa ce.

Amsa: Girmamawa ce wadda ba ta san wanda take girmamawa ba. Muna da baffa, muna da kawu, muna da gwaggo, muna da inna, kowanne da gefensa da haƙƙinsa. Yaron da ya tashi yana ce wa kowa "ankul" ba zai san wa ke ba da auren 'yar'uwarsa ba. Sinawa da suka fi mu shiga harkar zamani ba su yar da nasu ba: yayan uba bobo, ƙanen uba shushu, ɗan'uwan uwa jiujiu, 'yar'uwar uba gugu. Har kakanni sun raba, na wajen uba yeye da nainai, na wajen uwa waigong da waipo. Mu a nan kaka ɗaya muke da ita ga duka huɗun.

Tambaya: Na ji wani karin maganarsu: bishiya na son ta tsaya cik iska ta ƙi lafawa, ɗa na son ya kula da iyaye su kuma ba su jira ba. Muna da irinsa?

Amsa: "Da na sani ƙeya ce." Namu ya fi faɗi, nasu ya fi ciwo.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. Gaskiya ne a Sin doka na tilasta wa 'ya'ya ziyartar iyaye? Kuma ko suna da irin "haihuwa mai rana"?

Amsa: Suna da shi: yang er fang lao, a raini ɗa don ranar tsufa. Dokar ma gaskiya ce. An kafa dokar kare haƙƙin tsofaffi a 1996, aka yi mata gyara da ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2013, wanda ya ce dangin da ba sa zama tare da tsoho su riƙa ziyartarsa ko gaishe shi a kai a kai. Dokar ta kuma tabbatar da ranar 9 ga wata na 9 na kalandarsu ta gargajiya, bikin Chongyang, a matsayin ranar tsofaffi.

Kada ka yi saurin cewa tarbiyya ce ta lalace. Daga 1980 zuwa 2015 gwamnati ta taƙaita iyalai da yawa ga haihuwar ɗa ɗaya, sai ga miji da mata suna ɗauke da tsofaffi huɗu da yaro guda. Miliyoyin matasa sun bar ƙauyuka zuwa masana'antun birane, ba sa komawa sai a bikin sabuwar shekara. Ƙidayar 2020 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, kashi 18.7 cikin ɗari na jama'a. Su da kansu suna da karin magana mai ɗaci, cewa a gaban gadon doguwar jinya ba a samun ɗa nagari. Duk wanda ya yi jinyar tsoho shekara da shekaru ya san nauyin da ake nufi. Alƙali zai iya sa mutum ya taka zuwa gidan uwarsa, amma fuskar da zai shiga da ita ba ta cikin hurumin kotu.

Tambaya: Na karanta cewa jami'an Sin na dā suna yi wa iyayensu takaba ta shekara uku. Haka ne?

Amsa: Zaman makoki za ka ce. Takaba ta matar da mijinta ya rasu ce, wata huɗu da kwana goma. Namiji ba ya takaba, ɗa ba ya yi wa uba. Shekara ukun kuma a aikace wata 25 ne ko 27, jami'i yakan ajiye muƙaminsa ya koma gida. Dalilin da Kongzi ya ba almajirinsa Zai Wo, da ya ce shekara ɗaya ta isa, shi ne sai yaro ya shekara uku yake sauka daga hannun iyayensa.